Me Ya Sa Gudun Kwamfutata Yake Hawa Yana Sauka?

TAMBAYA

 Ina da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a Kakuri, da kwamfutocin tebur guda huɗu, duk na hannu na saya. A takardar da mai sayarwa ya ba ni an rubuta Core i5-3470, gudu 3.20 GHz. Kwanaki yaron shagona ya buɗe mini Task Manager, sai na ga lambar gudun ba ta zama wuri ɗaya. Yanzu 1.6, an jima 3.5, sai kuma ta faɗo. Wani mai gyara ya ce furosesar ce ta gaji, in shirya kuɗin canzawa. Wani kuma ya ce rashin ƙarfin wutar janareta ne, ya saita mini guda biyu a kan High performance, lambar ta tsaya a sama. Shin cutata aka yi wajen saye? Kuma wane saiti ne zai rage mini kashe kuɗin wuta? Ina amfani da mita ta kati da inbata da ƙaramin janareta.

Daga wani mai karatu, Kakuri, Kaduna

AMSA

Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka, kuma bisa abin da ka bayyana furosesarka lafiyarta ƙalau. Abin da yaronka ya nuna maka, haka kamfanin Intel ya ƙera ta ta riƙa yi. Wannan i5-3470 da ta fito a 2012 lambobi uku gare ta, ɗaya kawai ake rubutawa a takarda. Ita 3.2 gudun da aka yi alkawarin za ta iya riƙewa ke nan, ko da yini za ta yi tana aiki mai nauyi. A 1.6 take sauka idan ba ta da abin yi. Tana kuma iya taɓa 3.6 idan aiki ya taso mata kuma jikinta bai yi zafi ba. Duk lambar da ka gani tsakanin 1.6 da 3.6 tana kan ƙa'ida.

Bari mu fara da abin da lambar take ƙirgawa, don sauran bayanin duk a kansa ya rataya. Ka tuna gayya a gona: manoma sun jeru, mai ganga yana kiɗa, kowane bugu garma ta sauka ƙasa. Idan ya hanzarta kiɗan aiki ya hanzarta, gumi ma ya ƙaru. To a cikin kwamfuta akwai mai kiɗa irin wannan. A kan babban faifan da masu gyara ke kira madabod akwai ɗan ƙaramin kiristal da ke haifar da bugu mai tsari, daga gare shi ake samar da bugu miliyan 100 a kowace daƙiƙa. Furosesa takan ɗauki wannan ta ninka shi. Idan ta ninka sau 16, ka ga 1.6 a sikirin. Sau 32, ka ga 3.2. Sau 36, ka ga 3.6. Gigahaz ɗaya, wato GHz ɗin da ke rubuce a takardarka, bugu biliyan ɗaya ne a daƙiƙa, kuma a kan kowane bugu sassan furosesa suke ɗaga ƙafa su yi taki ɗaya na lissafi. Canza wannan ninki ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido, yana iya faruwa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Abin da Task Manager ke nuna maka ƙiyasi ne na abin da ya gudana tsakanin leƙawa da leƙawa, shi ya sa wani lokaci za ka ga 2.37 ko 2.91.

Me ya sa ba a bar ta a sama kawai ba, kowa ya huta? Saboda gudu da wuta ake sayensa, kuma farashin ba ya hawa daidai wa daida. Furosesa ba ta iya gudu sosai sai an ƙara mata ƙarfin wutar da ke shiga cikinta, wanda ake aunawa da bol. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ta ce wutar da furosesa ke sha wajen aiki tana bin gudu sau ɗaya, amma tana bin bol sau biyu, wato bol a ninka da kansa. Ga misali. A ce a 3.2 tana buƙatar bol 1.2, a 1.6 kuma bol 0.8 ya ishe ta. Rage gudu zuwa rabi ya yanke rabin wutar. Saukar bol daga 1.2 zuwa 0.8 ya sake yanke abin da ya rage zuwa kashi 44 cikin 100. Ka haɗa biyun, sai ka tarar tana shan ƙasa da rubu'in abin da take sha a da. Rabin gudu, amma ƙasa da rubu'in wuta. Kuma duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa, ba ta da wata mafita. Saboda haka rage wuta rage zafi ne, rage zafi kuma shi ne hutun fanka.

Masu ƙera kwamfuta ma sai da suka sha wuya suka gane haka. A farkon shekarun 2000 tseren lamba ake yi tsakanin Intel da AMD, kowa na son ya manna babbar lamba a kwali. Pentium 4 ta kai 3.8 GHz tana fitar da zafin da ya kai wat 115, har a 2004 Intel ta soke wadda ta yi niyyar fitarwa mai 4 GHz, don zafin ya fi ƙarfin abin da za a iya sanyayawa cikin sauƙi. Daga nan aka juya akala zuwa sanya ƙwaƙwale da yawa a furosesa guda, taka huɗu gare ta, da kuma sa kowane bugu ya yi aiki mai yawa. Shi ya sa taka mai 3.2 ta yi wa waccan mai 3.8 fintinkau. Dabarar rage gudu kuwa daga laftof ta faro, inda batir ke ƙarewa a idon mutum. Intel ta fito da SpeedStep a 2000, AMD ta fito da PowerNow! a shekarar, sannan abin ya sauko kwamfutocin tebur da sunan Cool'n'Quiet a Athlon 64, da Enhanced SpeedStep a Pentium 4 na 2005. A 2008 aka ƙara Turbo Boost, wanda ke barin furosesa ta haura gudun alkawari idan akwai sarari. Shi ne 3.5 ɗin da ka gani. Idan ƙwaƙwalwa ɗaya ko biyu ke aiki takan kai 3.6, idan duka huɗun ne takan tsaya a 3.4.

Akwai kuma wata dabara ta biyu da ba ta bayyana a waccan lamba, amma ta fi rage gudu tasiri. Tsakanin harafi da harafi, lokacin da yaronka ke buga takarda a Word, furosesa ba ta da aikin komai. A wajenta wannan ɗan tsakani dogon lokaci ne. To maimakon ta zauna tana kaɗa ganga ba manomi, sai ta dakatar da bugun gaba ɗaya a ƙwaƙwalen da ba su da aiki, ta janye musu wuta, ta farkar da su da zarar an taɓa maɓalli. A cikin BIOS za ka ga an rubuta wannan da sunan C-States. Ka riƙe sunan, za mu dawo kansa.

Yanzu maganar masu gyaranka. Na farko da ya ce ta gaji, ban ce da mugun nufi ya faɗa ba, amma maganar ba ta da tushe. Furosesa ba ta rage gudu don tsufa. Ninkin nan na 16 da 32 da 36 a jikinta yake tun daga masana'anta, shekaru ba sa goge shi. Idan ta lalace, kwamfuta ƙin tashi take yi, ko ta riƙa sandarewa, ko ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Kuma cikin duk kayan da ke cikin akwatin nan, galibi ita ce ta ƙarshe wajen lalacewa. Fawafak da hadis, wato ma'ajiyar bayanai, da fanka duk sukan riga ta. Kada ka ba da ko kwabo don a canza ta.

Na biyu ma ya yi kuskure game da janareta, ko da yake na fahimci inda tunanin ya fito. Mun saba ganin fankar sama tana jan jiki da ƙwan lantarki yana dusashewa idan wuta ta yi ƙasa, sai mu ɗauka kwamfuta ma haka take. Ita kuwa wutar bango ba ta isa furosesa kai tsaye. Fawafak yana karɓar bol 230 ɗin da ke zuwa daga soket ya mayar da shi tsayayyar wuta mai bol 12 da 5 da 3.3, sannan wasu sassa a kan madabod su sake sauke ta zuwa kusan bol ɗaya. Muddin fawafak na iya aikinsa, furosesa ba ta san ko Kaduna Electric ce ta kawo wutar ko janareta ko inbata ba. Idan wutar ta yi ƙasa har ya kasa, kwamfutar ɗaukewa take yi ko ta sake tashi, ba ta tafiya a hankali. Wutar janareta marar tsari illarta a kan fawafak take, tana iya ƙona shi, don haka UPS ko sitabilaiza suna da amfaninsu. Sai dai hawa da saukar da ka gani ba ruwansu da wannan.

Tun da mun zo kan fawafak, ka leƙa bayan kowace daga cikin huɗun. Wasu tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Ka tabbata yana kan 230, ka kuma manne shi da salatif don kada yaro ya yi wasa da shi. Idan ya koma 115 aka jona, nan take zai ƙone.

To me High performance ya yi wa waɗancan biyun? A cikin Windows akwai saitin da ake kira Minimum processor state, wato ƙasan da aka yarda furosesa ta sauka. A tsarin Balanced an sa shi a kashi 5 cikin 100, a High performance kuma 100. Abin da mai gyaran ya yi shi ne ya hana ta sauka. Bai ƙara mata ko taki ɗaya a sama ba. Ƙololuwarta tana nan a 3.6, wadda dama a Balanced ma tana kaiwa duk lokacin da aiki ya nema. Jinkirin da ke tsakanin tasowar aiki da hawan gudu a Balanced bai kai abin da mai buga takarda ko mai cike fom ɗin JAMB zai lura da shi ba. Masu haɗa sauti a situdiyo da masu wasannin kwamfuta na gasa su ne za su iya kawo hujjar zama a High performance. Shagonka ba ya cikinsu.

Ka yi tambayar kuɗi, bari in ba ka amsa ba tare da zuzutawa ba. Kwamfutar ofis irin taka, idan tana zaune ba aiki, takan sha tsakanin wat 20 zuwa 35 ba tare da sikirin ba, idan an ɗora mata nauyi kuma takan kai 70 zuwa 100. Bambancin Balanced da High performance a lokacin zama bai cika wuce wat 10 ba, sau da yawa ma bai kai ba, saboda C-States suna ci gaba da aikinsu ko da gudun yana sama. Mu ɗauki 10 ɗin. Awa 10 a rana, kwana 26 a wata, ya ba da yunit 2.6. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa 200 da 'yan kai. Ko da a wannan rukuni mafi tsada kake, a wancan farashi asarar ba ta wuce naira 500 da ɗoriya a wata kan kowace kwamfuta ba, kusan 2,000 idan duka huɗun ne. Kuɗi ne, amma ba shi zai rufe shago ba.

A kan janareta ma ba za ka ga bambanci a galan ba. Ƙaramin janareta yana ƙona kaso mai yawa na mansa ne don kawai ya ci gaba da juyawa, wat 40 sama ko ƙasa ba ya sauya masa lissafi sosai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, abin da ke rage kashe kuɗi a janareta shi ne rage awannin da yake a kunne.

A kan inbata ne maganar take da nauyi, kuma nan nake so ka tsaya ka yi lissafin da kanka da girman baturanka. A ce batura biyu gare ka masu 200Ah, bol 12 kowanne. A takarda sun tara yunit 4.8. Amma batir irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi shekaru, saura 2.4. Inbata ita ma tana cin nata wajen juya wutar, a ce abin da zai iso soket yunit 2 ne. Kwamfuta huɗu da sikirin ɗinsu, kowace wat 50, jimla 200: awa 10 ke nan. Ka ƙara wa kowace wat 10, jimla 240: awa 8 da minti 20. Ka yi asarar awa ɗaya da minti 40, wanda dole janareta ya cike maka shi da mai mai tsada. Duk wanda ya riƙe shago a Kakuri ko Barnawa ko Television ko Sabon Tasha a Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, har da na Shiroro zuwa Kaduna, ya san darajar awa ɗaya a batir.

Saboda haka ka mayar da biyun nan Balanced yau ɗin nan. Ka shiga Control Panel, ka buɗe Power Options, ka zaɓe shi. Sannan ka kashe kwamfutar ka kunna, ka shiga BIOS, a Dell da maɓallin F2, a HP da F10, ka duba ko SpeedStep da C-States da Turbo Boost duk suna kan Enabled. Na ce ka duba ne domin wasu masu gyara sukan kashe su da sunan ƙara ƙarfi, kuma kashe C-States ya fi High performance cin wuta nesa ba kusa ba. Kada kuma ka zarce zuwa Power saver da tunanin ya fi. Shi yana sa furosesa ta yi nawa wajen hawa, aikin minti ɗaya ya ɗauki fiye da haka, alhali sikirin da hadis da fanka duk suna shan wuta suna jiran ta gama. Gara ta zabura ta gama ta koma barci. Abokin ciniki ma da ke tsaye a kanka ba zai gode maka ba.

Yanzu ga inda ya kamata hankalinka ya tashi, wanda babu ɗaya cikin masu gyaran da ya ambata. Saukar gudu lokacin da ba aiki lafiya ce. Saukar gudu a tsakiyar aiki ita ce ciwo, kuma a garinmu kusan kullum zafi ne sanadinta. Furosesa tana da ma'aunin zafi a jikinta. Taka idan ta kusanci digiri 105 sai ta rage gudu da ƙarfin tsiya don kada ta ƙone, komai yawan aikin da ke jiranta. Ka dubi halin da take ciki: an ƙera ta don ofis mai sanyi, ta yi shekarunta a can, aka ɗauko ta a kwantena, yau tana ƙarƙashin tebur a shago mai rufin kwano. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika ta da ƙura, ga ta titi da manyan motoci ke tayarwa. Kafin ta farfaɗo, zafin Maris da Afrilu ya iso ya same ta da toshewar hanci. Ƙura takan yi kauri tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har iska ta kasa ratsawa. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da wannan ƙarfe kuma, a kwamfutar 2012 da ba a taɓa buɗewa ba, ya daɗe da bushewa ya zama kamar alli.

Gwajin ba shi da wuya, yaronka zai iya. Ku buɗe Task Manager da Ctrl da Shift da Esc, ku shiga Performance, ku zaɓi CPU. A sama za ku ga cikakken sunan furosesar, wanda zai tabbatar maka ko abin da ke takarda shi ne a ciki. Ku sa ido kan lambobi biyu, Utilization da Speed. Sai ku ɗora mata aiki mai nauyi. Manhajar CPU-Z kyauta ce, tana da maɓallin Stress CPU don wannan gwaji, HWMonitor kuma tana nuna zafi. Idan Utilization ya kai 100, Speed ya hau 3.2 ko 3.4 ya zauna a nan na minti goma, zafin yana yawo tsakanin 65 da 80, wannan kwamfuta ba ta da matsala. Idan ya hau, bayan minti biyu ko uku ya fara zamewa ƙasa, zafin ya haura 90, fanka tana ihu, to ka samu mai laifin.

Maganin bai kai kuɗin furosesa ba ko kusa. A zare wuta, a fitar da akwatin waje, a buɗe, a hure shi da bulowa. A riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa, don idan iska ta juya ta fiye da ƙima takan lalace. A cire ƙarfen sanyaya, a goge tsohon man tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar a ɗaure kusurwa huɗu daidai. A sayi man da aka yi don wannan aiki, kada a yarda wani ya shafa man goge baki ko giris. Sannan a ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur ko benci, a bar tazara tsakaninsa da bango. Hurewa sau biyu a shekara ta isa, ɗaya a tsakiyar hunturu, ɗaya a ƙarshensa kafin zafi ya kankama, wanda yakan zo daidai da lokacin da masu rajistar jarrabawa ke cika maka shago. Idan kuwa zafin bai kai ko 60 ba amma gudun ya maƙale a ƙasa ana tsakiyar aiki, a duba Maximum processor state a cikin Power Options ko wani ya rage shi daga 100. In ba haka ba ne, laifin yana kan madabod ko fawafak, a nan ne mai gyara yake da aiki na gaske.

Ba ka faɗa ba, amma ina zaton abin da ya sa yaron ya buɗe Task Manager tun farko shi ne nawa. In haka ne, an bar jaki ana dukan taiki. A shafin nan dai ku dubi Disk da Memory. A kwamfutoci irin naka, galibi za ka tarar Disk yana maƙale a 100 alhali furosesa tana zaune a kashi 10 tana jiransa. Tsohon hadis mai juyawa shi ne ke jan ƙafa. A maye gurbinsa da SSD, a kai RAM zuwa 8 GB, za ka rantse sabuwar kwamfuta aka kawo maka. Ga ƙarin riba: hadis mai juyawa yakan sha wat 5 zuwa 8, SSD kuwa kaɗan daga cikin haka.

Sauran wutar shagonka ba a furosesa take tafiya ba. Tsohon sikirin mai faɗi na zamanin kwamfutocinka yakan sha wat 25 zuwa 35, kusan daidai da kwamfutar kanta, na LED kuma 15 zuwa 20. Ka rage haskensa, ka saita ya mutu bayan minti biyar ba a taɓa ba. Ka saita kwamfuta ta shiga Sleep bayan minti 15 ko 20, inda take shan wat 1 zuwa 3 kacal. Wasu suna gudun Sleep don tsoron a ɗauke wuta aiki ya ɓace, amma a kwamfutar tebur Windows yana zuwa da Hybrid sleep a kunne, wanda ke ajiye kwafin aikin a hadis kafin ta kwanta. Da rana tsaka idan mutum ɗaya ne a shago, ba dalilin da zai sa huɗu su kasance a kunne. Firinta mai leza kuwa ita ce babbar mai ci: tana shan ɗaruruwan wat lokacin bugawa, tana fizgar fiye da haka lokacin da take ɗumama, injin fotokwafi kuma yakan haura wat 1,000. Idan da hali, tara aikin fotokwafi mai yawa zuwa lokacin da akwai wutar NEPA ya fi duk wani saiti da za ka taɓa a Windows.

Na tsawaita a kan wannan ne don na san abin da shago irin naka yake ɗauke da shi. Kakuri unguwar masaƙu ce. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, gidaje da yawa da albashin masaƙa ya riƙe a da yanzu ƙananan shaguna ne ke riƙe da su. Ba daidai ba ne mai irin wannan sana'a ya zubar da jarinsa wajen canza abin da bai lalace ba.

Ranar da canjin kwamfutocin ya zo da gaske, kuma zai zo, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida sai Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, kada ka je kasuwa kana neman babbar lambar GHz. Ka nemi ƙananan kwamfutocin nan masu girman littafi da furosesa mai harafin T a ƙarshe, kamar i5-8500T. A takarda za ka ga 2.1, ƙasa da taka, amma ƙwaƙwale shida gare ta, tana hawa har 3.5, an ƙayyade ta a wat 35 inda taka take 77, kuma a zaune irin waɗannan injuna sukan sha wajen wat 10. Sharaɗi ɗaya: ka dage a ba ka cajarta ta asali. Ƙananan Dell musamman, idan ba su gane cajar da aka jona musu ba, sukan maƙale a 0.79 GHz su ƙi hawa.

Kafin wannan rana, Malam, ka mayar da biyun nan Balanced, ka sa a hure huɗun a sabunta musu mai, kuɗin da ka ware don furosesa kuma ka sayi SSD da shi. Idan kun yi gwajin kun ga wata lamba da ta saɓa wa abin da na faɗa, ka rubuto mana da Speed da Utilization da zafin da kuka gani, za mu duba tare in sha Allahu.